Sani da niyya a halittar da ba ta da hankali

Bakteriya masu haddasa cuta suna ɗauke da wasu gajerun zaruruwa na RNA, wato sinadarin da aka fi saninsa da kai saƙo daga ma'ajiyar gado ta DNA zuwa inda ake haɗa furotin, sai dai waɗannan gajerun, da tsawonsu yakan kama daga haruffan gado 50 zuwa 500, galibinsu ba umarnin gina furotin suke ɗauke da shi ba, aikinsu shi ne su manne wa wani saƙon su hana a karanta shi, ko su warware shi idan a naɗe yake. Tun 1984 Mizuno da abokan aikinsa suka bayyana ɗaya daga cikinsu, MicF, a ƙwayar E. coli, inda yake rage ƙofofin da ke bangonta.

Misalin da ya fi jan tunani shi ne na Vibrio cholerae, ƙwayar kwalara, cutar amai da gudawa da kan ɓarke da damina a arewacin Najeriya da Nijar. A 2004 ɗakin binciken Bonnie Bassler na Jami'ar Princeton a Amurka ya gano ƙananan RNA huɗu da ake kira Qrr, waɗanda ƙwayar ke samarwa idan 'yan'uwanta ba su da yawa a kusa da ita, kuma tana gane yawansu ne ta wani sinadari da kowace ke fitarwa. Da taimakon furotin Hfq, Qrr suna danne saƙon HapR, furotin da ke hana fitar da dafi, saboda haka ƙwayar takan kama bangon hanji ta zuba dafinta. Idan kuwa ƙwayoyin suka yi yawa, sai Qrr su ɗauke, HapR ya ƙaru, ƙwayoyin su saki hanjin su bi gudawa su koma ruwa.

Masana kan ce ƙwayar tana ƙirga 'yan'uwanta, tana yanke shawarar lokacin kai hari da na tashi, kuma a nan tambayar take: shin halittar da ba ta da ƙwaƙwalwa za ta iya sani ko nufi? Niyya tana buƙatar mai ita ya riƙe manufa a ransa alhali yana iya barinta, Qrr kuwa ba su iya ƙin mannewa muddin haruffansu sun dace da na saƙon, har ma akan yaudari ƙwayar a ɗakin gwaji da ƙarin sinadarin nan, ta yi kamar tana cikin taro. Masana halittu suna danganta wannan tsari ga zaɓin yanayi cikin zamani mai tsawo, malaman tauhidi irin su Ibnul Ƙayyim kuwa sun yi magana a kan shiriya ta gama-gari, wadda Mahalicci ya ba kowace halitta don ta kai ga abin da ke rayar da ita, suka bambanta ta da shiriyar mukallafi, wato baligi mai hankali da hukunci ya hau kansa. Bayanan biyu sun saɓa a kan asalin tsarin, amma sun haɗu a kan cewa ƙwayar ba ta san abin da take yi ba.

Abin da ya fi nauyi shi ne wannan kyakkyawan tsari shi ne ke tsotse ruwan jikin yaro cikin 'yan sa'o'i, kuma bai dace mai kafa hujja da kyawun halitta ya kau da kai daga wannan ba, domin shiriyar da ta amfani ƙwayar ba ta yi wa ɗan Adam alkawarin komai ba. Amma tunda babu niyya a wurinta, ba za a jingina mata zalunci ba, tambaya tana kan wanda aka ba hankali kuma yake da ikon raba ruwan sha da bahaya da kai marar lafiya asibiti da wuri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa idan aka mayar wa masu kwalara ruwan jikinsu a kan lokaci, da ruwan gishiri da sukari ko da ƙarin ruwa ta jijiya, waɗanda ke mutuwa ba sa kai ɗaya cikin 100.