Hukuncin Gasa Kek ɗin Sarki Don Bikin Madi Gira

Tambaya: Allah ya gafarta Malam, ina aure a birnin New Orleans na Amurka. Mijina ya musulunta kafin aurenmu, mahaifiyarsa kuwa 'yar Katolika ce. Duk shekara danginsu kan taru a gidanta lokacin bikin Madi Gira, a yanka abin da suke kira kek ɗin sarki. Bana hannuwanta ba sa iya murza ƙullu, sai ta ce ni ta zaɓa in gasa. Ina jin nauyinta ƙwarai. Ya halatta in yi?

Amsa: Allah ya yi miki albarka da kika tambaya tun kafin ki kunna wuta.

Shi kek ɗin a kan kansa babu laifi. Fulawa ce da ƙwai da bota da yis da kirfa, a naɗe shi kamar gammo, a barbaɗa masa sukari shunayya da kore da ruwan zinare. Abin lura kawai giyar da wasu ke zubawa don ƙamshi, da ruwan banila, wanda dokar Amurka ta shar'anta kashi 35 cikin 100 na sinadarin giya a cikinsa. Garin banila ya wadatar da ke.

Magana tana kan ranar da kuma abin da ake ɓoyewa a ciki. Ana fara cin kek ɗin ne ranar 6 ga Janairu, wadda Kiristoci ke tunawa da zuwan masanan gabas, waɗanda suke ɗauka sarakuna ne, wurin Annabi Isa (AS) yana jariri, kuma daga nan sunan ya samo asali. Ana rufewa da Talatar Madi Gira, jajiberin azuminsu na kwana 40. Kin ga farkonsa da ƙarshensa duk kalandar coci ce ta yanke su. Akwai kuma 'yar tsanar roba da ake tusawa a cikin kek ɗin, wanda ya ci karo da ita a rabonsa shi zai kawo na gaba. Da yawa suna cewa tana wakiltar Annabi Isa ne. Abin wasan yara ba shi ne damuwata ba, domin Nana A'isha (RA) ta yi wasa da 'yan tsana a ɗakin Manzon Allah (SAW). Amma a siffanta Annabin Allah da roba a tura cikin ƙullu, wannan hannun musulma ba zai yi ba, ko wa ya roƙa.

Abu Dawud ya ruwaito daga Anas cewa Manzon Allah ya tarar da mutanen Madina da ranaku biyu na wasa, sai ya sanar da su Allah ya musanya musu da Sallar Layya da Sallar Azumi. Malamanmu na Malikiyya sun tsaya a kan wannan: Ibnul Ƙasim ya karhanta musulmi ya kai wa Kirista kyauta saboda idinsa, Ibnul Hajj kuma ya yi dogon gargaɗi a littafinsa Madkhal kan musulmin Masar da ke dafa abincin idin maƙwabtansu.

Na san za a ce yau bikin ya zama na gari, har launukan nan uku ƙungiyar fareti ce ta fito da su a 1872, ba coci ba. Maganar tana da ƙarfi, shi ya sa nake rarrabewa. Gasawa don ranar 6 ga Janairu, ko gasawa da 'yar tsana a ciki, bai halatta ba. Gasawa a sauran kwanakin don taron dangi makaruhi ne, barinsa ya fi. Idan kin tabbata ƙin yi zai raba mijinki da mahaifiyarsa, ki gasa ba tare da tsanar ba, da niyyar ciyar da tsohuwa, kuma kada ki zauna inda ake shan giya.

Kada wannan ya sa ki ɗaure mata fuska. Asma'u 'yar Abubakar ta tambaya game da mahaifiyarta mushrika, aka umarce ta da ta sadar da zumuncinta, kuma aya ta 8 a Suratul Mumtahana ta buɗe ƙofar kyautatawa. Matar nan ita ta haifa miki miji, ta kuma fifita ki a kan duk dangi. Ki je da kanki ki durƙusa ki ce, "Mama, addinina bai bar ni in sa tsanar ba, amma ba za ki rasa kek daga hannuna ba." Mijinki ya riga ki yi mata bayani, nauyinsa ne. Idan sun aiko miki da yanki, ki ci in babu giya, domin Nana A'isha ta halatta cin kyautar ranar idin Majusawa in ba yanka ba ce. Ranar Sallah kuma ki gasa mata irinsa, ki aika a ɗauko ta ta ci a ɗakinki.

Wallahu a'alam.