Tsoho da Muryar Ƙuruciyarsa

A watan Oktoba na 1958 aka fara nuna wani wasan kwaikwayo a dandalin Royal Court da ke Landan, wanda Samuel Beckett, mutumin Ailan, ya rubuta. Sunan wasan Krapp's Last Tape, wato faifan ƙarshe na Krapp. Ɗan wasa ɗaya ne tak ya hau dandali, Patrick Magee, daga shi sai tebur da rikoda da 'yar ayabarsa.

Krapp tsoho ne ɗan shekara 69. Al'adarsa ce duk ranar zagayowar haihuwarsa ya ɗauki muryarsa a faifai, ya faɗi yadda shekarar ta kasance. A wannan dare sai ya ɗauko wanda ya ɗauka yana ɗan shekara 39. Muryar cike take da ƙarfi da isa, tana ma yi wa Krapp na 'yan shekaru ashirin da wani abu dariya. Tsohon ya taya ta, daga baya ita ma ya kira ta wawa. Har akwai kalmar da muryar ta furta wadda sai da ya buɗe ƙamus kafin ya gane ta, alhali daga bakinsa ta fito.

To, tambayar da ta dame mu ita ce, tsakanin mutanen nan biyu wa ya zalunci wani? A ganinmu ɗan 39 ɗin ne ya ci bashi, tsohon ke biya. Shi ne ya rabu da macen da suka shiga kwalekwale tare, domin ya yi imani cewa an buɗe masa ido, zai rubuta gagarumin littafi. Ya yanke hukuncin ba tare da shawartar wanda zai kwana shi kaɗai bayan shekara talatin ba, kuma ina zai gan shi ya shawarce shi? Littafin kuwa kwafi 17 aka sayar. Mu da ke yawo da rubutunmu a jaka mun san ɗacin wannan lissafi.

Amma ba mu wanke tsohon ba. Idan muryar ta fara bayanin wancan buɗewar ido, sai ya tura faifan gaba cikin fushi. Wurin kwalekwalen kaɗai yake mayarwa ya sake saurara. Ashe ko da an adana jiya a akwati, mai saurare ne ke zaɓen abin da zai ji, ya hana mai magana kare kansa. Muna koya wa ɗalibai cewa rubutu maganin mantuwa ne, ga shi faifai bai manta komai ba, amma bai ɗebe wa mai shi kewa ba.

A 2006 Harold Pinter ya fito a matsayin Krapp a gidan wasan nan dai, yana da shekara 76, ga rashin lafiya, a kan keken guragu. A ƙarshen wasan muryar takan ƙare, tsohon ya zuba ido bai motsa ba, faifan na ta juyawa babu sauti.