Haƙƙin Jin Dalili Tsakanin Mai Neman Tallafi da Mai Bayarwa

Mafi yawan ƙungiyoyin agaji, irin waɗanda ke kula da marayu ko haƙa rijiyoyi ko ciyar da 'yan gudun hijira, ba su da dukiyar kansu, saboda haka sukan dogara ga gidauniyoyi, wato cibiyoyin da aka kafa da dukiyar wani attajiri ko kamfani ko gwamnati domin raba tallafi. Ƙungiya takan rubuta takardar neman tallafi, ta bayyana aikin da take son yi da abin da zai ci, gidauniya kuma ta duba ta amince ko ta ƙi. A ƙarƙashin wannan mu'amala ta takardu akwai tambaya ta ɗabi'a mai fuska biyu: shin akwai nauyin faɗin dalili a wuyan wanda ya hana, kuma shin wanda ya karɓa yana da halin faɗa wa mai bayarwa kuskurensa ba tare da ya rasa abin da yake samu ba?

Fuska ta farko ta fi sauƙin gani. Ƙaramar ƙungiya a Maiduguri ko Damaturu takan ajiye aikinta na yau da kullum na tsawon makonni domin cika sharuɗɗan takarda guda, ma'aikatanta suna kwana a gaban kwamfuta da ƙarar janareta, suna juya kasafin kuɗi daga naira zuwa dala, suna neman wanda zai gyara musu Turanci, sannan bayan watanni amsa ta zo cikin layi uku, ana godiya, ana cewa masu nema sun yi yawa. Wani lokaci ma ko wannan ba ta zuwa. Hanawar kanta ba laifi ba ce, domin babu gidauniyar da kuɗinta zai ishi kowa. Abin da ke ciwo shi ne ƙungiyar ta fita daga wahalar ba ta san ko aikin ne bai gamsar ba, ko lissafin ne ya karkace, ko kuwa tun farko gidauniyar ba ta da niyyar kai kuɗi yankin, don haka baɗi za ta sake zuba ƙarfinta a rami ɗaya.

Musulunci bai bar halin wanda aka mayar hannu wofi ba tare da magana ba. Suratul Isra'i, a aya ta 28, ta umarci wanda ba shi da abin bayarwa da ya sallami mabuƙaci da magana mai sauƙi, Suratul Baƙara kuma, a ayoyi na 263 da 264, ta fifita kyakkyawar magana a kan sadakar da cutarwa ke biye da ita, ta kuma nuna cewa gori yana ɓata ladan abin da aka bayar. Sai dai mai ja zai iya cewa waɗannan ayoyi tausasa harshe suka nema, ba su wajabta bayanin dalili ba, kuma mai sadakar nafila, wato wadda ba ta zama dole ba, yana da ikon bai wa wanda ya so daga dukiyarsa ba tare da kowa ya tuhume shi ba. Wannan hujja tana da ƙarfi idan ana maganar mutum da aljihunsa, amma ba ta hau kan gidauniya yadda ya kamata, domin jami'in da ke yanke hukunci a kan takardun ba shi ne mai dukiyar ba. Matsayinsa ya fi kusa da na nazirin waƙafi, wato wanda aka damƙa wa kula da dukiyar da mai ita ya tsayar domin amfanin jama'a, kuma naziri amana yake riƙe da ita, ana iya tambayarsa yadda ya sarrafa ta. Haka ita ma ƙungiyar ba don cikinta take roƙo ba. Ta fi kama da ma'aikatan zakka da Suratut Tauba ta ambata a aya ta 60 cikin rukunoni takwas na masu rabo, waɗanda aikinsu shi ne sada dukiya da masu haƙƙinta. Idan haka ne, wakilai biyu ne na mabuƙaci ɗaya suka haɗu, kuma duk bayanin da ɗayansu ya ɓoye wanda da zai gyara aikin ɗan'uwansa, asarar a kan maraya ko mai jinya take sauka.

Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ƙara zurfafa wannan a babin sirrin zakka na littafinsa Ihya'u Ulumid Din, inda ya nuna cewa tushen gori shi ne mai bayarwa ya ɗauki kansa mai yi wa talaka alfarma, alhali talakan ne ya taimake shi da ya karɓi abin da zai tsarkake shi. Gidauniyar da ta fahimci haka za ta gane cewa in babu ƙungiyoyin da ke shiga ƙauyuka, kuɗinta ba su da hanyar zama alheri. Uzurin da gidauniyoyi kan kawo na rashin faɗin dalili, cewa takardu dubbai ne ma'aikata kuwa kaɗan, gaskiya ne, amma iyakar abin da yake nunawa shi ne bayanin ya daidaita da wahalar da aka sa mai nema: wanda aka tsayar tun a matakin farko jumla guda ta gaskiya ta ishe shi, wanda kuwa aka ja shi har matakin ƙarshe, aka nemi takardun bankinsa da rahoton masu binciken kuɗi, ya cancanci a zauna da shi.

Fuska ta biyu ta fi wuya, domin a nan tsoro ne ke rufe baki. Masanin zamantakewa ɗan Faransa, Marcel Mauss, ya nuna a bincikensa na 1925 a kan kyauta cewa kyautar da ba a iya ramawa takan ƙasƙantar da wanda ya karɓa, kuma Bahaushe ya san wannan ta hanyar kunya da kara, waɗanda ke hana mutum duban idon wanda ya yi masa alheri ya ce masa ya yi kuskure. Ana ganin sakamakon a ranar da jami'in gidauniya ya zo duba aiki: an share harabar makaranta, an tara mata da yara, an kai baƙo rijiyar burtsatsen da ke ba da ruwa, an kauce wa wadda famfonta ya lalace tun bara, kuma da ya tambaya ko akwai matsala sai a ce masa komai lafiya lau. Shugaban ƙungiyar ya san cewa sharaɗin da ya hana kashe kuɗin tallafi a kan gyara shi ya kashe rijiyar, amma ya san kuma albashin ma'aikatansa yana rataye da sabunta yarjejeniya. Ta haka tsarin yake koya wa mutanen kirki shafa wa rahoto mai, gidauniya kuma ta ci gaba da maimaita sharaɗin da ke ɓata aikinta, tana zaton yabon da take ji shaida ce. Laifin ƙaryar yana kan wanda ya yi ta, amma wanda ya sa gaskiya ta zama mai tsada haka yana da nasa kaso, kuma shi kaɗai ke da ikon rage tsadar.

A Amurka an gwada magance wannan ta hanyar ɓoye suna. Cibiyar Center for Effective Philanthropy, wadda aka kafa a 2001, takan tambayi ƙungiyoyin da wata gidauniya ke tallafa wa yadda suke ganin mu'amalarta, ta haɗa amsoshin ba tare da bayyana wanda ya faɗi me ba, sannan ta kwatanta sakamakon da na sauran gidauniyoyi. A 2017 kuma aka buɗe dandalin GrantAdvisor, inda masu neman tallafi ke rubuta abin da suka gani a fili amma ba da sunansu ba. Wannan ya ta da tambaya ta addini, domin nasiha, wato faɗa wa mutum gaskiya da nufin gyara shi, malamai sun fi son a yi ta a keɓe tsakanin mutum biyu, kuma maganar da ba a san mai ita ba tana iya zama mafakar gulma da ƙazafi. Duk da haka, ɓoye suna domin kare mai rauni yana da asali a tunanin addini: malamin Yahudawa Musa bin Maimun, wanda ya rasu a 1204, ya sanya sadakar da mai bayarwa da mai karɓa ba su san juna ba a cikin manyan darajoji, saboda tana tsare mutuncin mabuƙaci. Hanyar farko, wadda amsoshi ke bi ta hannun amintaccen mai shiga tsakani zuwa ga wanda abin ya shafa, ta fi kusa da ladabin nasiha fiye da ta biyu, wato ta dandalin GrantAdvisor. Amma buƙatar ɓoye sunan ita kanta shaida ce cewa aminci bai samu ba, kuma abin da aka ruwaito daga Halifa Umar ɗan Haɗɗabi, cewa yakan yi addu'ar alheri ga wanda ya nuna masa aibinsa, yana nuna mataki na gaba da wannan, inda mai iko yake saka wa mai gyara har mutane su daina jin tsoro.

Sauraro kuma ba ya tabbata sai an ga abin da ya canza. A taron ayyukan jinƙai na duniya da aka yi a Istanbul a 2016, manyan masu ba da tallafi sun ƙulla yarjejeniyar da aka sani da Grand Bargain, inda suka yi alkawarin sauƙaƙa rahotannin da suke nema, da kuma kai kashi 25 cikin 100 na kuɗin agaji ga ƙungiyoyin cikin gida kafin 2020, bayan shekaru ana kuka a kan abubuwan biyu. Wa'adin ya wuce ba a kai ga wannan kaso ba. Ƙungiyar da aka tambayi ra'ayinta sau da yawa ba ta ga sauyi ba takan koma ga amsar da ba ta jawo rigima, don haka gidauniyar da ta nemi a faɗa mata gaskiya ta ɗauki sabon nauyi, wato ta dawo ta bayyana abin da ta ji, da abin da za ta gyara, da abin da ba za ta gyara ba tare da dalilinsa, kuma ta sabunta tallafin wani daga cikin waɗanda suka faɗa mata abin da ba ta so ji ba, a idon sauran ƙungiyoyin da ke jiran su ga abin da zai same shi.