In Gani a Ƙasa: Munana Zato Ne?

A Maiwurno, kusa da Sinnar, inda zuriyar masu hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 suka zauna, in aka yi wa manomi alkawarin ruwan rani, yana iya cewa "in gani a ƙasa" ya ja bakinsa. Sauran zancen kowa ya sani: an ce da kare ana biki a gidansu. Mai suka zai ce wannan munana zato ne, addini kuwa ya hana. A ganina ba haka ba ne. Manomin bai ƙaryata kowa ba, hujja ya nema, kaifin maganar kuma ya ɗora wa kare don kada mai alkawari ya tozarta. Shari'a kanta ba ta karɓar da'awa sai da shaida.