Kwalbar da ba a buɗewa

A 2018, a birnin New York, an yi gwanjon kwalba guda ta jar giyar inabi, Romanée-Conti ta 1945, aka saye ta dala 558.000. Fiye da miliyan 300 na sefa ke nan. Kwalabe 600 kacal gonar ta fitar waccan shekara, can Faransa.

Hukuncin giya a addini mun san shi, ba sai an maimaita ba. Tambayata daban ce: wai me mutumin nan ya saya? In ya buɗe ya sha, dukiya ta ƙare cikin dare guda. In ya ajiye don ta ƙara tsada, to bai san abin da ke ciki ba. Rudy Kurniawan ya gane haka. Ya riƙa gauraya giya mai arha a gidansa a Amurka, yana liƙa takardun ƙarya, attajirai na rububin saye, har aka ɗaure shi shekara 10 a 2014. Ka ga ashe darajar tana cikin takarda da yardar mutane.

Amma ƴan uwa, kada mu yi saurin dariya. Ɗan kasuwar da ke sayen hatsi da kaka, ya kulle sito sai damina ta yi nisa, shi ma tsada yake jira. Ba wanda ya taɓa kwana da yunwa don an ɓoye kwalba. Buhun gero fa?