Hannu Da Lauje: Magana Ga Mai Bi A Kan Waya Da Gumin Wani

Ya ɗan'uwana mai karatu, kai da ba ka daɗe da ba da gaskiya ga Yesu Almasihu ba, ko kuwa kana bakin ƙofa tukuna kana tambaya, ga wata magana da mu ke so ka auna a zuciyarka. Tun ran da ka fara zuwa sujada ka ji doka ta takwas cikin dokoki goma, wadda ta hana sata, ka kuwa amsa da zuciya ɗaya, gama ba ka taɓa haura katangar kowa da dare ba, ba ka kwance akuyar maƙwabci ba. Amma akwai wani abu a aljihunka wanda kakanninmu ba su san shi ba, watau waya, da ita kuwa mutum ya kan ɗauki abin wani da rana tsaka, mai abin yana Kano ko Ikko ko Amurka, ko motsi bai ji ba.

In ka shiga kasuwar Jega, inda hanyoyin Sakkwato da Birnin Kebbi da Yawuri suka haɗu, za ka iske samari a ƙarƙashin rumfa da kwamfuta a gabansu. Mutum ya kan miƙa memori da 'yan kuɗi kaɗan, a cika masa da fina-finai da waƙoƙi, ya koma ƙauye da murna. Kusa da su ga mai gyaran waya, yana buɗe wadda ta kulle, yana yi wa wata filashin. A Aliero kuma, inda aka kafa jami'a a 2006, ɗalibi ya kan sayi kwamfuta a zuba masa Windows da Office waɗanda aka fasa makullinsu, ba wanda ya biya masu su ko kwabo. Watakila kai kanka da ɗaya daga cikin waɗannan sana'o'i ka ke ci da iyalinka. Ba domin mu kunyata ka mu ke rubutu ba. Tambaya ce da masu bi da yawa suka yi, ta kuwa cancanci amsa ta gaskiya.

Abin da za ka fara cewa mun san shi. Za ka ce, Ai sata ita ce a raba mutum da abinsa, ni kuwa na kwafa ne kawai, nasa yana nan a hannunsa bai ragu ba. Maganar tana da kama da gaskiya, amma bari mu gwada ta da albasa. Ka san wahalar manomin Aliero: ya yi renon iri, ya dasa, ya yi ban ruwa cikin ɗarin hunturu, ya sayi taki da mai, wata da watanni yana jira. To, a ce wani ya sayi buhu ɗaya a wurinsa, yana kuwa da wata dabara ta mai da buhun nan buhu dubu ba tare da noma ba, ya kai kasuwa ya karyar. Albasar manomi tana nan a rumbunsa, ko ɗaya ba ta ɓace ba. Amma wa zai saye ta? Ba a taɓa albasarsa ba, ladan guminsa aka ɗauke. Annabi Irmiya, cikin sura 22, ya yi wa sarkin Yahuda kaito domin ya mori aikin maƙwabcinsa bai biya shi ba. Yaƙub kuma cikin sura 5 ya ce hakkin masu girbi da aka danne yana kai ƙara har gaban Ubangiji.

Wannan kuwa ya riga ya faru a ƙasarmu. A 1990 aka fito da Turmin Danya a Kano, daga nan sana'ar fim ɗin Hausa ta kafu, mutane da yawa suka sami abinci a cikinta: mai rubuta labari, mai ɗaukar hoto, tela, direba, mai dafa wa ma'aikata abinci, da 'yan kasuwar Ƙofar Wambai masu sayar da kaset da faifai. Sa'ad da tura fim a waya ya bazu, cinikin faifai ya faɗi. Ko kana son fina-finan nan ko ba ka so, wannan magana ce dabam. Amma in ka ga abu ya isa ka kalla, to, ya isa a biya wanda ya yi shi.

Hukuma ma ta sa baki. A Ingila aka fara kafa irin wannan doka a 1710, aka ba marubuci shekara 14 shi kaɗai ke da ikon buga littafinsa. Nijeriya ta yi tata dokar haƙƙin mallaka a 1988, sa'an nan aka sabunta ta da dokar 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023. Dokar ta lissafta manhajar kwamfuta tare da littattafai. Tana tsare aikin marubuci muddin ransa da shekara 70 bayan mutuwarsa, fim kuwa shekara 50. Ta kuma hana fasa makullin da mai aiki ya sa domin tsare aikinsa, sai a wuraren da ita kanta ta keɓe. A ganinmu shekara 70 ta yi yawa, ba kuwa za mu ɓoye maka ba cewa cikin manyan kamfanonin duniya akwai masu haɗama, masu sa wa talakan Maiyama farashin da suka yanka wa attajirin Turai. Duk da haka Bulus ya gargaɗi masu bi na Roma, cikin sura 13, su yi wa mahukunta biyayya, su ba kowa abin da ya ke bin su, Kaisar na zamanin nan kuwa ba adali ba ne. Haɗamar mai kaya ba ta mai da kayansa naka.

Ashe, ko waƙa ɗaya ba za ka tura wa ƙanwarka ba? Ko shafi ɗaya ɗalibi ba zai kwafa ba? A nan shari'ar Musa ta ba mu ma'auni mai kyau, a ƙarshen sura 23 ta Kubawar Shari'a. An yardar wa mai wucewa ta gonar maƙwabcinsa ya zagi zangarniya da hannu ya ci, amma an hana shi shiga da lauje. An yardar masa ya ci inabi ya ƙoshi, amma an hana shi ɗura wa jaka. Almajiran Ubangijinmu ma sun zagi hatsi haka ran Asabar, masu zarginsu kuwa a kan ranar suka yi gardama, ba su ce musu ɓarayi ba. Allah bai nufi mai gona ya zama marowaci ba, bai kuwa nufi baƙo ya girbe masa gona ba. Dokar ƙasarmu ma ta bar irin wannan ƙofa: ɗalibi ya kan ɗauki ɗan yanki domin nazari, malami domin koyarwa, an kuma yarda a juya littafi ya zama wanda makaho zai iya karantawa ko ya saurara. Wannan hannu ne. Amma wanda ya tara fim ɗari biyar a kwamfuta, bai nemi izinin kowa ba, yana sayarwa kowace ranar kasuwa, wannan da lauje ya shiga, har da jaki. Tsakanin biyun akwai wurin da ba mai iya ja maka layi sai lamirinka, tambayar da za ka yi masa kuwa ita ce: da mai abin nan yana tsaye a bayana yana gani, zan ci gaba, ko zan kife wayar?

Kada kuma mu tsaya kan samarin kasuwa mu manta da gidanmu. Mawaƙin bishara ya kan ci bashi ya shiga situdiyo, kafin ya sayar da ashirin waƙarsa ta gama wayoyin 'yan'uwa, kowa yana cewa aikin Allah ne. Lalle aikin Allah ne, amma shari'a ta hana a ɗaure bakin sa sa'ad da ya ke sussuka, Bulus kuwa ya ce saboda ma'aikata aka rubuta wannan. In shi da kansa ya ce a yaɗa kyauta, a yaɗa, ladansa yana wurin Ubangiji. Amma ba ka da ikon yin sadaka da abin da ba naka ba. Haka kuma abin kunya ne a buga takardar wa'azi a kan gaskiya da manhajar sata a ofishin ikilisiya, alhali akwai LibreOffice da Linux, waɗanda masu su suka sake wa duniya kyauta, kowa ya kwafa ya ba wani. Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka fara buga shi cikakke a 1932, yau ana samunsa a waya kyauta da yardar masu shi.

Yanzu mu zo ga wayar kanta, gama a nan lamirin waɗansu ya kan dame su a banza. Wayar da ka saya da kuɗinka taka ce. In ta lalace ka kai a gyara, in baturi ya mutu ka sake, in an cusa mata tarkacen da ba ka so ka nemi a cire. Mai gyaran waya ɗan'uwan masu ɗorin Aliero ne a sana'a: abin da ya karye su ke mayarwa ya yi amfani, wannan kuwa aiki ne mai daraja. Ko a Amurka, inda aka yi doka mai tsanani a 1998 a kan fasa makullan na'ura, hukuma ta yanke a 2010 cewa mai waya yana da ikon buɗe ta ya sa manhajar da ya samu ta halal, ko da ya ke kamfanin Apple ya yi jayayya, ya kuma ce wanda ya yi haka ya rasa garanti. Batun buɗe waya domin ta karɓi layin wani kamfani kuwa, an yarda da shi a can tun 2006, aka janye yardar a Janairun 2013 ga sababbin wayoyi, jama'a suka yi kuka, Shugaba Obama ya sa hannu a dokar da ta mayar da ita a Agustan 2014. Dubi fa: aiki ɗaya, bara daidai, bana laifi, baɗi kuma daidai. Dokar mutane ke nan. Ana bin ta, amma ba a gina lamiri a kanta ita kaɗai. Abin da za ka duba shi ne dalilin buɗewa. Wanda ya buɗe wayarsa domin ta yi masa aiki bai cuci kowa ba. Wanda ya buɗe ta domin ya sha abin sayarwa ba biya, ya mai da mabuɗin ɗakinsa abin fasa ɗakin wani. In kuwa bashi ka ɗauki wayar, kana biya kaɗan kaɗan, aka sa mata makulli saboda bashin, to, ba ta zama taka ba tukuna, cire makullin nan cin amana ne.

Akwai wadda ta fi waɗannan duka nauyi, da kai mai gyara mu ke. Wani ya kan zo da waya mai tsada, ya ce ya manta lambar sirri, bai san adireshin Google da ke kanta ba, ba kwali, ba rasit, yana waige-waige, yana so a goge kome yanzu yanzu, har a sauya mata lambar IMEI, watau lambar nan mai alƙaluma 15 da a ke gane kowace waya da ita. Kai ka san abin da idonka ya gani. Wataƙila a tasha aka zare ta daga aljihun wata tsohuwa, hotunan jikokinta suna ciki. Wataƙila da wuƙa aka ƙwace ta. Ɓarawo ba ya iya sayar da ita sai ta bi ta hannunka, saboda haka kai ne ramin da ɓera ya dogara gare shi. Littafin Misalai, sura 29, ya nuna mai raba ganima da ɓarawo maƙiyin ransa ne, dokar ƙasa kuma tana hukunta mai karɓar kayan sata. Gaskiya ne mutane su kan manta lambarsu, tsofaffi musamman, ba kuwa daidai ba ne ka tuhumi kowa. Amma ka tambaya. Mai gaskiya zai gaya maka sunan da ke cikin wayar, ko ya kawo wanda ya san shi.

Za ka ce, To, me zan ci? Ba mu raina wannan tambaya ba, ba kuwa za mu yi maka alkawarin cewa ciniki zai ƙaru ba. Mai yiwuwa ne ya ragu. Zakka na Yariko, sa'ad da Ubangiji ya sauka gidansa, ya ɗauki nauyin mayar wa waɗanda ya zalunta ninki huɗu, shi kuwa ya san su da fuska. Kai ba ka san dukan waɗanda ka kwafi aikinsu ba, ba kuwa a ɗora maka abin da ba shi yiwuwa. Waɗanda ka ke iya samu, kamar mawaƙin da ke garinku, ka je ka same shi ku daidaita. Sauran, ka fara daga yau. Ka nemi izini wurin masu fim ka biya, ka tura abin da masu shi suka saki kyauta, ka ƙarfafa wajen gyara da cajin waya da sayar da kayanta. Bulus ya gaya wa Afisawa, cikin sura 4, tsohon ɓarawo ya koma aiki da hannunsa har ya sami abin taimakon mabukaci. Ikilisiya kuwa, in ta ce wa ɗanta ya bar wata hanyar abinci, wajibi ne ta tsaya tare da shi har ya kama wata. Ka faɗa wa dattawanku halin da ka ke ciki, kada ka ji kunya.

Ranar kasuwa mai zuwa wani zai ajiye waya a kan teburinka, ka ce masa ina rasit, ya ɗauke abinsa da fushi ya nufi rumfar da ke kusa da taka, kana kallo maƙwabcinka ya karɓi kuɗin da ka ƙi. Ka shirya wa wannan sa'a tun daga gida, cikin addu'ar safe, kafin ka buɗe rumfa.