Haƙƙin Wanda Ya Tuba Daga Maye

Malamai sun ce sharuɗɗan tuba uku ne: barin laifi, da nadama, da ƙudurin ba komawa. Na ukun ya fi wuya ga leburan da ya saba haɗiyar ƙwaya don jure aikin dare a masana'antun Sharaɗa, Challawa ko Bompai. Gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018, amma doka ba ta sauya wa mutum abokai. Wanda aka sallamo daga asibitin Dawanau, ya tarar ba aiki sai gori, wurin wa zai nufa in ba tsofaffin abokan shansa ba? Don haka wajibi ne dangi da iyayen gida su ba shi sana'a, su zaunar da shi cikin mutanen kirki. Allah Ya ba shi ɗorewa, amin.